Muryarki a Keken Bukar

Zuwa ga aminiyata Falmata,

Wushe, 'yar Barebari. Ita kaɗai ce gaisuwarku da kika ce na iya faɗa ba tare da na zubar miki da mutunci ba, don haka da ita na buɗe. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da kina da rai ma ba ke za ki karanta ta ba, tunda ciwon suga ya daɗe da cinye miki ido. Ni zan karanta miki, ke kuma ki riƙa katse ni kina gyara mini magana. Yau babu mai katse ni, kuma wallahi maganar ba ta da daɗi.

Fushi nake yi, gara in faɗa miki tun daga farko. Ina fushi da yayanki Alhaji Modu, ina fushi da garin nan, ina fushi da ke. Na san abin da za ki ce, wai mu Hausawa, mu Afuno kamar yadda kuke kiranmu, da ƙorafi ake yanke mana cibiya. To ki saurara, yau ƙorafin yana da dalili.

Bari dai in fara da labarin gari, tunda ke ce mai son gulma da sunan tambayar lafiyar mutane. Zafi ya shigo da wuri bana, har darbejiyar ƙofar makarantarmu ta yi laushi. An kawo sabuwar malama ɗakin koyon girkinki. Yarinya ce mai takarda, tana auna gishiri da cokali tana duba littafi. Ɗalibai sun ce miyarta ba ta da laifi, ba ta kuma da daɗi. Gadar Gwange tana nan yadda kika bar ta, cunkoso safe da yamma, masu keke suna zagin juna da harshen da duk ya zo bakinsu. 'Yarki Yagana ta rame. Ta daina sa turaren wuta a ɗakinki, wai in ta sa sai ta ji kamar kin zaga bayan gida ne yanzu za ki shigo. Bukar mai keke kuwa har yanzu sai ya fara bi ta ƙofar gidanku da safe kafin ya tsallako Hausari ya ɗauke ni. Na ce masa ya daina ƙona mai a banza. Ya ce ba shi ba ne, hannunsa ne ke karya kan keken da kansa.

Kin tuna yarjejeniyarmu? Tun shekarun da aka hana hawa babur a garin nan kowa ya koma keke, muka tsayar da Bukar ya zama namu, ya kai mu aiki ya dawo da mu. Ba mu yi wata guda ba muka fara faɗa, ni ina son shiru in yi karatu, ke kina son kiɗa. Ke kika raba gardamar: safiya tawa, yamma taki. Da safe Bukar ya kashe sifikarsa, in buɗe littafi in karanta da ƙarfi daga bakin kasuwa har hanyar Baga. Da yamma in ja bakina in yi shiru, ke ki miƙa masa ɗan katin wayarki mai cike da waƙoƙi. Ganga da algaita na mutanenku, waƙoƙin Shuwa, na Sudan, har da na yaran zamanin nan masu murya kamar an shaƙe agwagwa. Ni kuwa in yi ta tsaki ina duba takardun ɗalibai a kan cinyata.

A lokacin idonki lafiya lau. Kina iya karatu da kanki, kika ce ƙyuya ce ta hana ki, ga Afuno Allah ya ba ki kyauta me zai sa ki wahala. Da idon ya fara dushewa ba abin da muka canja, ba mu ma taɓa zancen ba. Na dai lura kin daina kallon titi, kin koma juyo da kunnenki wajena.

Kin tuna dattijon nan mai sayar da banda da ya shiga kujera ta uku, ya cika mu da ƙarnin kifi, ya wuce inda zai sauka don yana son ya ji ko an kama ɓarawon cikin labarin? Da muka iso makaranta na rufe littafi, ya ce haba Malama, a ƙarasa mana. Kika ce masa ya dawo gobe war haka, ya kuma zo da kifi mai kyau, don karatu ba sadaka ba ne. Ya zo kuwa.

Da ruwan nan ya ci gari, ku a Gwange kuka fi mu shan wuya. Kin rasa gado, kin rasa katifa, kin rasa keken ɗinkin da kika gada. Ni littattafai kawai na rasa, amma na fi kowa kuka. Abin da na tara tun ina budurwa ya zama kunu a ƙasan ɗaki. Kika zo gidana da lafaya ta aro, kika ce in daina kukan takarda kamar wadda ta binne ɗa. Bayan 'yan kwanaki kuma kika sa Yagana ta ja hannunki zuwa wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, kika sayo mini ɗaya. Ba kya ganin sunansa, da hannu kika auna shi. Kika ce mai kauri kika ɗauko don ya daɗe.

Ya daɗe kuwa. Labarin wani mutum ne da ya bar matarsa ya tafi gabas neman arziki, yana ta aiko alkawari ba ya dawowa. Kin tsane shi tun shafin farko. Kullum da safe kafin ki gama zama sai ki ce in buɗe mu ji yau kuma wace ƙarya ɗan banzan nan zai yi.

Muna cikinsa ƙodarki ta gaza, aka fara kai ki wankin ƙoda. Kika ce zaman asibitin ya fi allurar ciwo, mutum ya kwanta yana jin inji yana jan jininsa babu abin saurare sai nishin na kusa da shi. Sai na fara naɗar karatun safiya a wayata a ranakun da kike iya fita, in tura miki ta wayar Yagana ki sake ji a can. Wayata ba ta da fili, in na tura sai in goge. Guda ɗaya ce na ƙi gogewa, kuma a kanta duk wannan fushin yake.

Ranar mun maƙale kusa da kasuwa, wata babbar mota ta lalace ta tare hanya. Ina karanta inda mutumin ya sake aiko wa matarsa saƙo wai ta ƙara haƙuri, sai kika kai wa littafin duka da bayan hannu. Kika ce wannan ba miji ba ne, ciwon haƙori ne. Kika ce kakarki ta bakin tafkin Cadi ta gama wannan labarin kaf a waƙa guda, ba ta ɓata takardar kowa ba. Sai kika ɗauki waƙar. Da safe, a lokacina, kika karya yarjejeniya, ni kuma na ƙyale ki. Bukar ya kashe keken. Mai rake da ke gefen titi ya tsaya da wuƙa a hannu. Da kika gama kika fassara mini, tunda a cewarki an haife ni a Barno a banza: mace ce take faɗa wa wanda ya tafi a kwalekwale cewa ba jiransa take ba, ta dai rufe masa tuwonsa ne saboda ƙuda. Sannan kika yi dariyar nan taki mai ƙarewa da tari. Duk wayata ta ɗauka.

Ranar da kika rasu, bayan azahar, ina aji ina koyar da yara. Daga baya Bukar ya faɗa mini cewa tun kafin nan kin ce masa ya riƙa sa ido a kan Afunon nan, don in da littafi a hannunta ba ta duba titi. Ashe kin sani. Shi kika yi wa sallama, ni kuma kika ce mini sai gobe. Wane irin wulaƙanci ne wannan, Falmata? Kin ga ba zan iya ɗauka ba ne? To da kin gwada ni.

A zaman makoki, muna tsakar gida cikin mata, wata 'yar ƙanwarki ta kunna muryar nan daga wayar Yagana. Ba da mugun nufi ba, so take ta ji ki. Mata suka ɓarke da kuka, har waɗanda idonsu ya bushe tun ranar farko. Sautin ya tsallake katanga ya isa rumfar maza, ya faɗa kunnen Alhaji Modu. Kafin la'asar ya aiko da hukunci: duk wadda take da wannan waƙa ta goge. Wai duk lokacin da aka kunna, ana rubuta miki zunubi, ana ƙara miki nauyi a kabari. Ya karɓi wayar Yagana ya share komai, har karatun safiyar da na riƙa tura miki. Ya zare katin waƙoƙinki ya karya shi ya jefa a kwata. Kowa ta goge tata. Saura tawa.

Da ya gano daga wajena abin ya fito, bai neme ni ba. Mijina ya kira, kamar akuyar wani ce ta shiga gonarsa. Maigidan kuwa kin san shi, ba ya son tashin hankali ko na sauro ne, ya ce in goge kawai a zauna lafiya.

Na je har shagon atamfarsa. Na gaishe shi yadda ake gaida babba, na yi masa ta'aziyya, na bari ya gama amsawa. Sannan na tambaye shi ko motar nan da ke ƙofar shago ta taɓa sanin hanyar asibiti, don ni dai keken Bukar na sani yana kai ki yana dawo da ke kina amai a leda. Na tambaye shi masu gangar da ya ɗauko ranar bikin 'yarsa, har ya shiga fili yana kaɗa babbar riga, su a kan wa aka rubuta su. Ya ce ni mace ce mai karatun banza, littattafan soyayya sun lalata mini kai. Na ce masa gara kan da karatu ya lalata da wanda karatu ya zo ya tarar a kulle ya koma. Yaran shagonsa suka sunkuyar da kai. Na fito ina jin na yi nasara, kuma na riƙe wannan jin har gida. Da kina nan da kin sa na maimaita miki har kin shaƙe da dariya.

Da shi kaɗai ne, da har gobe muryarki tana wayata.

Yagana ce ta zo. Ta zauna a bakin tabarma, na zuba mata shayi ya huce ba ta taɓa ba. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce ita ba ta san wa ke da gaskiya ba, tana ma so ta sake jin ki fiye da yadda take son abinci. Amma in kawunta ne ke da gaskiya fa? Ta ce wuyar da kika sha a duniya ta ishe ki, ba za ta iya zama ba tana tunanin muna ƙara miki wata don daɗin kunnenmu. Ta ce Mama Hajara, don Allah, ki goge ta kafin sadakar arba'in.

Na koma ga abin da na iya, karatu. Na ari littattafan malamai, na tambayi waɗanda nake ganin girmansu. Wannan ya ce bai halatta ba, wancan ya ce murya ce kawai babu kiɗa babu batsa, ba komai, wani ya ce ya danganta. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa kowa kayansa zai ɗauka. Hankalina ya gamsu cewa yayanki bai san abin da yake faɗa ba. Amma duk lokacin da na kai yatsa zan kunna, sai tambayar Yagana ta riga ni: in shi ne fa? Ban taɓa shiga kabari na dawo ba. Shi ma bai taɓa ba, amma shi ya faɗi tasa ya koma auna yadi, ni ya bar ni da waya tana ƙona mini jaka. Abin da ba zan yafe masa da wuri ba kenan. Ya sa ina jin tsoron muryarki.

Ga abin da na yanke, ki yi mini hukunci da kanki. Na ce in waƙar nan laifi ce, to a bakin mai rai ya kamata ta zauna, wadda za ta iya tuba, wadda za ta amsa tambaya da kanta. In ba laifi ba ce, bai kamata ta mutu don wani mai shago ya ji kunya a rumfar maza ba. Ko ta ina aka bi, sai ta bar wayar ta dawo bakina.

Kin san ban taɓa waƙa ba. Ko ranar aurena da ƙawaye suka matsa mini, baki kawai na riƙa motsawa. Amma na sa Bukar ya zama malamina. Kullum da yamma a hanyar dawowa, a lokacinki, in kunna baiti ɗaya in tsayar, in ce ya Allah in da laifi nawa ne, ni na danna, sannan in maimaita. Bukar yana tuƙi yana gyara mini. Ya ce Barbarcina kamar akuya tana tauna leda. Shi ne karo na farko da na ga haƙoransa tun da kika tafi. Akwai wata kalma da har yau harshena ya ƙi juya ta, ya ce in bar ta haka, Allah ya san abin da nake nufi.

A cikin wannan koyon ne na gane abin da ban taɓa faɗa miki ba. Yammar nan taki da nake yi wa tsaki, ita na fi so. Takardun yaran da nake buɗewa a cinyata, ba na ganin ko harafi ɗaya, sai na je gida nake duba su. Ina zaune ne kawai ina jin kafaɗarki tana motsi a jikin tawa, kina buga ƙafa a ƙarfen keke, gari yana wucewa da shingayen sojojinsa da gidajensa da aka rushe, mu kuma muna cikin wani abu da ba a iya tsayarwa a bincika. Karatun safiya kuwa, kin ɗauka taimakonki nake. A gidana in na buɗe littafi, maigida rediyo yake ƙara wa murya, yara su kama waya. Ke kaɗai ce a duniyar nan kika taɓa jin haushin mutumin cikin littafi tare da ni. Wa zan karanta wa yanzu? Bukar? Shi da ya ce duk labaran iri ɗaya ne, wani ya tafi wata ta yi kuka?

Jiya Yagana ta dawo. Na tambaye ta ko tana so ta ji sau ɗaya na ƙarshe, a wuyana. Ta gyaɗa kai. Ta saurara da fuskarta cikin lafaya tun daga ciwon haƙori har tarin ƙarshe. Da ya ƙare ta ce ai ana iya yanke waƙar a bar maganar da dariyar, ta iya yi. Na ƙi. Na ce ba zan ajiye ki guntu-guntu gwargwadon abin da Alhaji Modu ya yarda da shi ba, likitoci sun yi miki isasshen yanka. Na danna gogewa. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Kin ji, ko waya ta fi yayanki ladabi, ita ta tambaya.

Fushi ne ya yanke wannan shawarar, kuma tun da gari ya waye nake nadama. Waƙa ana haddace ta. Dariya fa? Ɗazu na nemi yadda take farawa a kunnena, na samu tarin, na rasa farkon. Kwana nawa za a yi kafin tarin ma ya tafi?

Kafin Yagana ta fita ta tsaya a bakin ƙofa tana sa takalmi, ba ta dube ni ba, ta ce in na samu lokaci in koya mata. Ki ji wannan abin kunya, 'yar Barebari. Waƙar kakarki ta bakin tafki, 'yarki za ta karɓe ta daga bakin Afuno, da karyayyen harshe, da kalma ɗaya a gurguje. Laifinki ne. Kina da shekaru da yawa da za ki koya mata, kika tsaya kina jin yaran nan masu muryar agwagwa.

Yau a hanyar dawowa muka sake maƙalewa kusa da kasuwa. Bukar ya kashe sifikarsa ba tare da na ce masa komai ba. Na rera, daga farko har ƙarshe, babu waya babu mai tuna mini. Matar da ke zaune a wajenki ta matsa can gefe, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, yamma ce, lokacin wata ne nake riƙe mata. Bukar bai yi dariya ba, bai kuma gyara mini komai ba.

Littafin yana jakata. Saura 'yan shafuka kaɗan, ƙyallen atamfar nan da kika ba ni don alama yana nan inda muka tsaya. Ban san ko ɗan banzan ya dawo wa matarsa ba, kuma ba zan duba ba. Kada ki ɗauka wani abu ne. Ba jiranki nake ba, Falmata. Na dai rufe miki shafinki ne.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata miki makwanci, ya mayar miki da idonki inda kike. In akwai wani nauyi a kan waƙar nan, na roƙe shi ya ɗora mini, ƙafata ta fi taki lafiya.

Ki huta.

Taki har kullum,
Hajara, Afunon Hausari da ba ta iya waƙa ba.